Farin Zare a Kofin Shayi

Raƙumin kakana a Mai Wurno, idonsa a ɗaure,
tun asuba yake zaga turmi guda
yana zaton Sinnar za shi.
Riɗi na kuka a ƙarƙashin gungume,
mai na tsatsowa, launin shayin la'asar.

Na zo hutu daga Madani da littafi a jaka.
Baba Na'inna ya ce, "To, likita,
me aka faɗa miki a kan mai
wanda raƙumin nan bai sani ba?"

Na ce: kowace ƙwayarsa maratayi ce ƙarama,
gilisarol ake ce mata, jela uku ke lilo a jikinta,
kabon riƙe da hannun kabon,
haidurojin na rakiya hagu da dama.
Jelar kitsen rago miƙaƙƙiya ce,
sai su jeru kafaɗa da kafaɗa kamar sahun Juma'a,
shi ya sa romon jiya ya wayi gari da farar hula.
Ta riɗi kuwa gwiwarta a tanƙware take,
sahu ba ya haɗuwa,
sai ya kwana a kwalba yana ruwa abinsa.

Ya ce, "Ashe man nawa gurgu ne."
Ya yi ta dariya har tari ya sarƙe shi.

Iya Tabawa ba ta yi dariya ba.
Shekara arba'in tana dafa mai da ruwan toka,
ta san mai da ruwa ba sa ga-maciji,
ta san sabulu ne ke shiga tsakani.
Na ce: kansa na son ruwa, jelarsa na son maiƙo.
Ta ce, "Munafuki ke nan."
Na ce: Iya, da danginsa aka gina ki.
Kowane ɗan ɗaki a naman mutum
sahu biyu ke kewaye da shi,
kawuna na kallon ruwa ta ciki da ta waje,
jeloli sun ɓuya a tsakiya inda babu laima.

Bayan magariba na ari albasa ɗaya.
Na kirɓa ta a turmin yaji,
ɗan gishiri, ɗan ruwa,
ɗigon sabulu don ya rushe katangar maiƙo.
Na tace da bakin mayafi cikin kofin shayi na gilashi,
na zuba sibirit ta gefe, a hankali,
wanda ya wuni cikin ƙanƙarar shagon Tijjani.

Sai ga shi ya taso,
fari, sako-sako, yana nannaɗe tsinke.

Iya ta leƙo. "Majina."

Na ce wasiƙa ce.
Tsani ne da aka murɗa kamar igiyar guga,
sukari da fosfet su ne sandunan gefe,
matakansa haruffa huɗu kacal:
adenin ba ya zama sai da taimin,
guwanin ba ya riƙe kowa sai saitosin.
Da huɗun nan aka rubuta albasa,
da raƙumi, da riɗin da yake niƙa,
da wushiryarki da ta tsallake babana
ta faɗo bakina.

Ta yi shiru. Kogi na wucewa bayan gida.
Ta ce, "Kakata da ta taso daga Haɗeja a ƙasa,
da niyyar Makka, ƙafa ta tsaya mata a nan,
tana ciki?"

Na ce: tafiyar ba ta ciki.
Hausar ma ba ta ciki,
wannan ke kika ɗura min ita tare da kunu.
Amma ƙila kunnenta,
ƙila yadda kike ɗaga gira ɗaya.

Ta ɗaga gira ɗaya.
Ta kai kofin kusa da fitila, ta daɗe.

Sannan ta ce, "Albasar miyar gobe ce kika ɓata.
Wanke min kofi.
Da sabulu."